Tsarabar Ingila: wane jirgi zan ce a sayo mini?

Abu Hanif, Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin Juma'a. Ƙanena da ke karatu a Ingila zai zo gida ƙarshen wata, ya ce ya bar mini gurbin kilo uku a jakarsa, in faɗi abin da nake so. Kun dai san tun da na shiga harkar nan ta ƙananan jiragen ƙasa na kan tebur ban taɓa ɓare sabon kaya daga kwalinsa ba. Kan jirgina ɗaya tilo na gwanjo ne, taragai huɗu, biyu ma ba su da maƙala, da zare nake ɗaure su. Teburina tsohon ƙyauren ɗaki ne, tsawo mita 2, faɗi santimita 80. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne sabon jerin ƙananan jiragen nan na kamfanin Hornby da suke kira TT:120, wanda suka fito da shi a 2022, sai kuma ɗan allon nan nasu HM7000 da ake sa wa a cikin kan jirgi a tuƙa shi da waya, har da ƙarar inji da usur. In ku ne, me za ku ce a sayo?

Na Kurmi:
Wa alaikumus salam. Ka ce ya sayo maka ƙyaure tukuna. Bazazzagi ya ɓalle ƙofar ɗakinsa ya shimfiɗa wa jirgi, shi yana kwana a buɗe. Allah ya shirya mana ku.

Abu Hanif, Samaru:
Bakano ke nan. Da kai ne ai da ka sayar da ƙyauren da jirgin, ka dawo kana tallan hoton su.

Sabon Shiga:
Don Allah a yi mini haƙuri, makon jiya aka sa ni a zauren nan. Kullum sai in ga ana HO, ana OO, yau kuma TT. Sunan kamfani ne?

Injiniya, Hanwa:
Ba kamfani ba ne ƙanena, awo ne. Ana nufin sau nawa aka rage jirgin gaske. HO sau 87 aka rage shi, tsakanin kwangiri da kwangiri milimita 16.5, shi ya fi yawa a duniya. OO na Ingila ne, sau 76, amma a kan layin HO ɗin yake tafiya, wato jikin ya ɗan fi ƙafar girma, su dai sun saba da abinsu. N sau 160, layi milimita 9. Akwai Z da Märklin na Jamus suka fito da shi a 1972, sau 220, wannan in ƙusa ta faɗi sai ka kira yara su nemo maka. TT yana tsakanin HO da N, sau 120, layi milimita 12. Ma'anar sunan ma saman tebur ne.

Malam Abu, a kan ƙyaurenka lissafin a fili yake. Kwanar da yawancin kawunan OO ke so tana da milimita 438 daga tsakiya, ka ga da'irar ta haura santimita 87, ta fi ƙarfin faɗin ƙyauren. Ta TT akwai mai 310, da'ira santimita 62, har ka samu wurin dasa bishiya a gefe. In zagaye kake so jirgi ya riƙa yi, TT ko N. 

Kawu, Tudun Wada:
Ni fa ina karanta ku ne kawai ina mamaki. Magidanta da gemu, ana fama da kuɗin makaranta da na masara, ku kuna lissafin kwanar jirgin roba. Yaron nan da ya sayo maka takalmi da magani ba su fi ba?

Abu Hanif, Samaru:
Kawu, Allah ya ja kwana. Takalmin ya shiga lissafin uwargida, kilo ashirin nata ne da yara. Ukun nan ne rabona.

Maman Ilham:
Kawu ina wuni. Ai da kai aka kafa zauren nan, kuma mun ji labari kai ne sarkin ƙera motar kara a unguwarku kuna yara, har da mai tirela. Abin ɗaya ne, sai dai wannan yana da lantarki. Ni a sashen zanen gine-gine na ABU na koyi yanka kwali, maki ake ba mu a kai. Babu wanda ya ce mana wasan yara ne.

Kawu, Tudun Wada:
Motar kara kyauta ce 'yata. Gona za ka je ka ɗebo. Amma ku ci gaba, ina ji.

Mai Waya, PZ:
Malam Abu, bari in taɓo zancen allon nan, don nan ne kuɗinka zai tafi. A tsohon tsari wutar layin kake ƙarawa ko ragewa, daga sifili zuwa bolt 12, duk jirgin da ke kan layin sai ya motsa tare. A tsarin DCC, wanda Lenz na Jamus ya faro, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ma'auni na kowa, wuta na kan layi koyaushe, umarni ne ke bi ta cikinta. Kowane kan jirgi da lambarsa, sabo yana zuwa da lamba 3, kai za ka canza. Sai ka kira wannan ya tashi, wancan yana tsaye da fitilarsa a kunne. Abin da HM7000 ya zo da shi a 2023 shi ne umarnin ya daina dogara da layi, ta Bluetooth yake zuwa daga wayarka kai tsaye, ƙarar injin ma a manhajarsu kake saukewa. SoundTraxx na Amurka su ma suna da irinsa, Blunami. Dabarar ta yi, ban musa ba, don ta raba ka da sayen akwatin sarrafawa mai tsada.

Amma ni ba zan saya ba. Ranar da aka daina sabunta manhajar, ko wayarka ta tsufa ta ƙi ɗauka, sai yaya? A shagona kullum ina ganin kayan da lafiyarsu ƙalau, manhaja ce ta mutu ta bar su marayu. Ni akwatin sarrafawana DCC-EX ne, irin wanda mutum ke haɗawa da kansa. Ɗan allon kwamfuta Arduino Mega ɗaya, allon tuƙa inji a kansa, ɗan guntun WiFi, manhajar kyauta ce kuma a buɗe take. Da manhajar Engine Driver nake tuƙi a tsohuwar wayar Android mai fasasshen gilashi. In wani abu ya ƙone, a nan Najeriya zan samu madadinsa, ba sai ƙanin wani ya zo hutu ba.

Injiniya, Hanwa:
Ka rage gishiri kaɗan. Allon HM7000 yana jin DCC na yau da kullum ma, ko manhajar ta ɓace zai yi aiki a kan naka akwatin. Kuma ba kowa ke iya riƙe ƙarfen soda kamar kai ba.

Mai Waya, PZ:
Na karɓi gyara a na farkon. Na biyun kuwa, wanda ba zai koyi soda ba ya nemi wata sana'ar, ko kiwon tantabaru.

Abu Hanif, Samaru:
Ni tsorona wutar gari ce. Bara wani abokina ya ba ni aron akwatin wuta da aka kawo masa daga Amurka. Ban duba bayansa ba, na soka a bango. Wani ɗan ƙara na ji, tas, sai wari irin na ƙonanniyar roba ya cika ɗaki, Hanif ya ruga yana ce wa uwarsa Baba ya ƙona jirgi. Ashe na bolt 120 ne, namu 230. Wata biyu ina biyan bashin abin da ban mora ko minti ɗaya ba.

Mai Waya, PZ:
Na Ingila ba zai yi maka haka ba, wutarmu ɗaya da su, har bakin soket ɗin mai ƙafa uku iri ɗaya ne. Duk da haka kada ka haɗa kai tsaye da bango, musamman lokacin da aka dawo da wuta ko ana kan janareta. Ni daga batirin sola nake ɗauka, in bi da ita ta ɗan allon da ke tsayar da ita a bolt 15. Ko an ɗauke, jirgina bai sani ba.

Baba Reluwe, Sabon Gari:
Salamu alaikum. Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na saurari duk abin da kuka ce. Yaron nan ya nuna mini hotunan sababbin jiragen a waya, sun yi kyau ƙwarai, kore shar, da shuɗi mai sulɓi kamar kifi. Ya ce ɗaya Flying Scotsman, ɗaya irin Mallard ne da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938. To madalla. Amma ina tambaya, wanne ne a cikinsu ya taɓa tsayawa a tashar Zariya ya sha ruwa?

Ku yaran yanzu ba ku san abin da garin nan yake ba a harkar dogo. Layin Baro zuwa Kano ya ratsa nan, ya isa Kano a 1911. Daga nan reshe ya tashi ya bi Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, aka gama shi a 1929. Kafin shi akwai ƙaramin layi da ya tashi daga nan Zariya ya bi ta Rahama ya hau dutse zuwa Jos da Bukur saboda kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal. A 1957 aka rufe shi, ina yaro. Mahaifina ya yi aiki a kansa, yakan ce in jirgin ya kama hawa, mutum zai iya sauka ya kama ruwa ya dawo ya same shi. Ni kuma da na shiga aiki na tarar da ragowar masu kwal, irin waɗanda aka sa wa sunayen koguna, kafin masu dizal su gama karɓe layi. Na ga dilolin auduga an jibge sun fi tsayin mutum, buhunan gyaɗa, taragon shanu zuwa kudu, mata masu dafaffen ƙwai da rake suna bin tagogi. Wannan duka babu wanda zai ƙera muku shi a Ingila. Ku kuma kun zauna kuna gardamar wane usur ya fi daɗi a waya.

Na Kurmi:
Baba ya sauke mana tarago guda a ka. Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma a lura, Kano jirgin ya nufa, Zariya ratse ne.

Baba Reluwe, Sabon Gari:
Gaya wa Bakanon nan, ba a zuwa Kano sai mun ɗaga hannu.

Injiniya, Hanwa:
Baba, ranka ya daɗe, maganarka ta sa na ɗauko kalkuleta, kuma ina jin akwai abin da duk muka tsallake. Ku bi ni a hankali.

Duk layukan da muke saye, na HO da na TT da na N, an yi su ne su wakilci babban layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Raba 1,435 da 87, ka samu 16.5. Raba shi da 120, ka samu kusan 12. To amma tsohon layinmu da ya ratsa Sabon Gari ba haka yake ba, ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067. In ka raba 1,067 da 87, me ka samu? 12.3. Wato layin TT ɗin nan da Malam Abu ke so, in ka ɗora masa jiki mai awon HO, ya zama layin Najeriya, bambancin bai kai kaurin farce ba. Mutane da motoci da shanu na awon HO kuwa su suka fi komai sauƙin samu.

Ban tsaya nan ba. Ƙaramin layin Jos da Baba ya faɗa, ƙafa biyu da rabi, milimita 762 ke nan. Raba da 87, ka samu 8.8. Layin N ke nan mai milimita 9, har suna da suna a wajen masu harkar, HOn30. Ashe mutum zai iya gina tashar Zariya ta wajen 1950 a tebur ɗaya, babban layi a kan 12, ƙaramin a kan 9, duka awo ɗaya. Ni dai tun ɗazu na kasa zama.

Abu Hanif, Samaru:
Injiniya tsaya. Kana nufin in sayi jirgin in cire masa riga in yar?

Injiniya, Hanwa:
Kada ka yar, ka adana. Amma eh, ƙasan muke so, injin da ƙafafun. A jerin akwai ɗan ƙaramin dizal mai jan taragai a cikin tasha, Class 08, ƙafa uku kowane gefe. Irin wannan ƙasan za a iya zaunar da jikin da muka ƙera a kansa.

Dogo, Kongo:
Na daɗe ban yi magana a nan ba, amma a bar ni in zuba ruwan sanyi kaɗan. Lissafin Injiniya daidai ne, sai dai ba sabon abu ba ne, kuma ba Hornby suka kawo shi ba. TT ya daɗe, a Gabashin Jamus ya yi ƙarfi tun zamanin gurguzu, Tillig na can suna yin sa har gobe. Masu kwaikwayon jiragen Afirka ta Kudu da Ostareliya, da yake akwai layi irin namu a can, sun daɗe suna hawa milimita 12. Na biyu, layin TT an jera masa matasai ne, wato katakon da kwangiri ke kwance a kai, daidai da sau 120, ƙanana kuma kusa da juna. Ka ɗora jikin HO a kai, ido zai gaya maka akwai abin da bai zauna ba, kamar babban mutum da takalmin yaro. In za a yi, a sayi layin HOm, shi ma milimita 12 ne amma matasansa na awon HO ne. Peco suna yin sa, kuma a Ingila suke, ƙanin Malam zai samu. Na uku, ƙafafun kan jirgin TT ƙanana ne in an auna su da HO. A ɗan dizal na tasha za a iya kau da kai. A babban mai kwal irin na Baba, ba zai yiwu ba.

Injiniya, Hanwa:
Na yarda da batun matasai, ban yi tunaninsa ba. Amma ka bar mini wannan: abin da sabon jerin ya canza shi ne samuwa. Da, inji mai milimita 12 sai ka nemo na Jamus ko Bemo masu kwaikwayon jiragen Suwizalan, kuɗinsu kuwa sai ka dafe ƙirji. Yanzu ɗalibi a Ingila zai iya sayowa ya jefa a jaka.

Dogo, Kongo:
Wannan kam gaskiya ne. Akwai kuma wata hanyar ga mai ƙaramin wuri: a bar awon a sau 120, a hau layin N. 1,067 raba 120 ya ba da 8.9. Mutanen Niyu Zilan haka wasunsu ke yi. Injinan N kuwa ga su nan birjik, na Kato na Japan ma ba sa ba da wahala.

Maman Ilham:
Ni a bar ni a sau 87 don Allah. A sau 120 ƙofar zaure ba ta kai santimita biyu ba, ina zan sa zanen bango? Zanko ma sai ya koma kamar ƙwayar shinkafa.

Tunda an zo wajena, bari in faɗi abin da kada a saya. Malam Abu, na ga a hoton da ka turo jiya ka sa alama a kan ciyawar roba da injin dasa ta. Ciyawar nan kore ce irin ta ƙasar da ake ruwa wata goma sha biyu. Ka shimfiɗa ta a tashar Zariya, sai dai in ce maka Agusta ce ta dawwama. Ni igiyar rama nake yankawa gutsi-gutsi da almakashi, launinta sak ciyawar Disamba. Injin kuwa wutar tsaye kawai yake bayarwa don zaren ya miƙe a kan gam, kuma ana haɗa shi da raket ɗin kashe sauro da rariyar shayi ta ƙarfe. Mai Waya ya haɗa mini ɗaya. Yana ɗan fizgar mutum in an yi sakaci, na sha sau biyu.

Ƙasa ma kada a sayo. Na ɗebo jar ƙasa a bayan gidanmu, na shanya, na soya ta a tsohon kasko don ƙwari su mutu, na tankaɗe da rariyar laushi. Sai in barbaɗa, in fesa ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, in ɗiga farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa. Kwana ɗaya ta kama kamar daɓe. Kukata kuwa wayar tsohuwar fanka ce na murɗa, na shafe da gam da garin katako. Wanda duk ya shigo ɗakin, kukar yake fara taɓawa kafin jirgin.

Mai Waya, PZ:
Hajiya ki ƙara musu da maganaɗisu. Jar ƙasar nan tana da ƙarfe a ciki, injin jirgi kuma akwai maganaɗisu, zai zuƙe garin ya cika haƙoran giya. A bi ta da maganaɗisun tsohuwar lasifika kafin a zuba, kuma kada jirgi ya hau sai gam ya bushe an share.

Maman Ilham:
Ka ga na manta, alhali a kaina aka koya.

Abu Hanif, Samaru:
To jikin fa? Wa zai ƙera? Ni iyakata allo da alli.

Maman Ilham:
Taragon kaya ba wuya, akwati ne mai ƙafa. Da kwali mai ƙarfi ko falle na roba za a yi. Kan jirgin ne sai an zana a kwamfuta a buga da injin nan mai fitar da abu da jikinsa. Akwai masu shi a gari, ɗalibai na kai musu aiki. Mai narka zaren roba yana barin layi-layi a jiki, sai an sha gugar sanfefa. Mai ruwan guduro ya fi fitar da ƙananan abubuwa, har kan ƙusa, amma ba ya son rana, in ka bar shi a taga zai lanƙwashe. Zanen zan iya, in an ba ni awo na gaskiya. Hoto kaɗai ba ya isa, yana ruɗin ido.

Kawu, Tudun Wada:
Ashe dai an dawo motar kara. Da kun ce haka tun farko ai da ban yi faɗa ba. In taragon shanu za a yi, ku kawo mini. Da tsinken tsintsiya da ɓawon kara zan yi muku shi, ku sa na injinku a gefe a gani.

Na Kurmi:
Kawu ya sauya sheƙa ba ko sanarwa.

Dogo, Kongo:
Abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma shi ke kashe wa mutane gwiwa a garin nan: ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka goge layi da safe, la'asar jirgi na tafiya yana tsayawa kamar mai shaƙuwa. In mai ƙara ne abin ya fi ban haushi, don duk tsayawa sai injin ya sake tashi daga farko. Ƙaramin awo ya fi shan wahala, saboda kan jirgin ba nauyi, ɗan ƙura kaɗan ya raba ƙafa da kwangiri. Malam Abu, ko me za ka saya, ka sa a haɗo da ɗan ma'ajin wutar nan da ake liƙa wa allon, wanda ke riƙe jirgi na ɗan lokaci in wuta ta yanke. Bai kai girman ƙwayar dabino ba, amma a wajena ya fi usur amfani sau goma. Kuma kada a goge layi da sanfefa, tana barin ƙarce, datti ya samu wurin zama. Tsumma mara gashi da ɗan sifirit ya isa. In an gama a rufe teburin da tsohon zanin gado.

Mai Waya, PZ:
A nan kuwa dole in ba Bluetooth haƙƙinsa, ko da na zage shi ɗazu. Tunda umarni ba ta layi yake bi ba, in ka samu wurin ɓoye batiri a tarago na farko, layin ma ba ya bukatar wuta sam. Ƙura ta yi ta zuba. Turawa don lambu suke yin haka, mu hunturu zai sa mu yi. Sai dai a jikin HO ne za a samu wurin, a TT ɗin asali da ƙyar.

Injiniya, Hanwa:
Ka ga wani dalilin na ɗora babban jiki a kan ƙaramin layi.

Dogo, Kongo:
Kada ka yi saurin murna, batirin waya ba ya son zafin Afrilu a ɗaki rufe. A gwada a tarago ɗaya tukuna, kuma a riƙa cire shi in an gama.

Abu Hanif, Samaru:
Jama'a na gode, kaina ya cika. Gaskiya har yanzu raina na kan shuɗin nan mai sulɓi, na yi wata shida ina kallonsa a waya kafin in yi barci. Amma ga abin da na tura wa yaron yanzu: ɗan dizal ɗin tasha guda ɗaya, allon HM7000 da ma'ajin wutarsa in zai shiga cikinsa, layin HOm mai lanƙwasuwa, mahaɗar layi biyu, ƙafafun tarago na ƙarfe masu milimita 12 ko nawa kuɗin ya kai, da maƙalai don in huta da zare. Na goge ciyawa.

Injiniya, Hanwa:
Layin mai lanƙwasuwa tsawonsa ya kusa mita, ba zai shiga jaka ba. Ka ce ya sa a raba kowanne biyu, ko ya nemi kwalin da zai riƙo a hannu. Kada ya naɗe shi, in ya karye a tsakiya ba ya miƙewa daidai.

Sabon Shiga:
Ni da na zo tambayar ma'anar HO, ga shi har na ji ina son in shiga aikin. Akwai abin da zan iya yi?

Maman Ilham:
Akwai. Dilolin auduga ɗari muke so, kowanne kamar rabin ƙwayar maggi. Ka fara tara tsumma fari.

Baba Reluwe, Sabon Gari:
Yaron ya karanta mini. 'Yata mai zane, kin ce awo kike so. Ina da tsohon littafin aiki a cikin adaka, akwai zanen taragai da tsawonsu a ƙafa da inci, in gara ba ta riga mu ba. Abin da babu a ciki sai a je a auna, amma ba a shiga harabar tasha haka kawai, sai an nemi izini wurin masu wurin, ni zan shige muku gaba. Ku zo Asabar bayan la'asar. Injiniya ya zo da tef na ƙarfe, ba na tela ba. Kuma matasan layinmu da yawa na ƙarfe ne saboda gara, ba katako ba, kada ku shafa musu ruwan ƙasa irin na Turawa, launin tsatsa za ku nema.

Na Kurmi:
Asabar ina Zariya in sha Allah. A ajiye mini shayi.

Baba Reluwe, Sabon Gari:
Ka zo da sukarinka.